Kafin ka sa hannu, tambayi iyakar zubi

Ɗan'uwa mai karatu, ka san adashi. Kowa ya zuba, kowa ya kwasa in layinsa ya zo. To, akwai wani tarin kuɗi mai kama da shi, amma na ranar masifa ne. Ana ce masa inshorar taimakon juna. Mutane su haɗu, su yi zubi kowace shekara. Wanda gobara ko haɗari ya faɗa ma, a biya shi daga asusun.

Abin ya daɗe. A 1881, a birnin Niyok na Amurka, wasu ƴan kasuwa masu saida yadi sun ga kamfanonin inshora suna tsawwala masu kuɗi. Sai suka ce: mu lamunci junanmu. In shagon ɗaya ya ƙone, sauran su haɗa su biya.

Ga inda maganar take. A irin wannan ƙungiya babu wani attajiri mai kamfani. Ku ne masu karɓa, ku ne kuma masu biya. In asara ta yi yawa, asusu ya ƙare, wa zai cika? Ku ne dai. Shugabanni za su aiko ma kowa takarda, su ce a kawo ƙarin zubi.

Wani zai ce wannan zalunci ne, tunda ya riga ya biya nasa. A'a, ba zalunci ba ne. In kowa ya ƙi ƙari, wanda shagonsa ya ƙone zai tashi hannu banza. Gobe kuma wataƙila kai ne. Amma ƙari marar iyaka, shi ne abin tsoro. Yana iya sa talaka ya saida sansa na noma don asarar wani.

Shi ya sa doka ta shigo ciki, kuma ina ganin ta yi daidai. A jihohi da yawa na Amurka, dole a rubuta iyakar ƙarin cikin takardar yarjejeniya, kuma ba ta wuce ninki 10 na zubin shekara. Wanda ya fita ƙungiya ma ana iya bin sa ƙarin asarar da aka yi lokacin yana ciki.

Mu ma nan Nijar muna da doka. A 1992, a Yawunde ta Kamaru, ƙasarmu da wasu ƙasashen Afirka sun sa hannu kan yarjejeniyar inshora mai suna CIMA. Dokarta ta fara aiki a 1995. Ta raba kamfanonin taimakon juna gida biyu. Akwai masu zubi tsayayye: abin da aka rubuta, shi kaɗai za ka biya. Akwai masu zubi mai canzawa: ana iya neman ƙari, amma ba a wuce iyakar da ke cikin takardarka.

Ga misali. Zubinka jikka 10 ne a shekara. Takarda ta ce iyaka jikka 15. Ko asara ta kai ina, ƙarin da za a nema wurinka ba zai wuce jikka 5 ba. Ka gani? Da wannan lissafi za ka san abin da za ka aje gefe tun da kaka.

Saboda haka, in an kawo maka takardar shiga, kar ka yi gaggawa. Yi tambaya uku. Zubin tsayayye ne ko mai canzawa? In mai canzawa ne, nawa ne iyaka, kuma a wane layi aka rubuta? In na fita, har yaushe za a bi ni? In takardar da Faransanci take, nemi wanda ka yarda da shi ya fassara maka. In sun ce iyaka ba a rubuce take ba, riƙe kuɗinka.

Da can yatsa kake dangwalawa ba ka san me ke ciki ba. Yanzu ka iya karatu. Nemo lambar da idonka, sannan ka sa hannu.