Raddi Ga Mai Haɗa Jemage Da Faɗa-Wuta

Wani marubuci ya fito yana cewa wai jemage mai cin 'ya'yan itace da faɗa-wuta jirgi ɗaya ya kwaso su: duka da dare suke tashi, duka makafi ne, duka maɓarnata ne, don haka a kashe su baki ɗaya. Ikon Allah! Ashe tashin dare ma ya zama dangantaka? To sai a haɗa da mujiya da sauro.

Mu fara da tushen maganar. Jemage dabba ce mai shayarwa. Macen tana ɗaukar ciki, ta haifi ɗa guda a shekara, ta ba shi nono, ta tashi da shi manne a ƙirjinta. Yana da gashi, da haƙora, da ƙashin baya, fiffikensa kuwa fata ce shimfiɗe a kan yatsu. Faɗa-wuta ƙwaro ne mai ƙafa shida, ba shi da ƙashi. Ƙwai yake sakawa da ɗaruruwa, ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta ƙudundune, sannan ta fito da fiffike. Wanda ya kashe faɗa-wuta dubu, gobe wasu sun maye gurbinsu. Wanda ya harbe jemage mai goyo kuwa ya kashe haihuwar shekara. Malam, wannan ko ɗan firamare ya sani.

Batun ɓarna ya fi ban haushi. Tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ɗiyar faɗa-wuta ce, haka ma tsutsar masara da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka a shekarar. Jemage fa? Yana taɓa mangwaro, gaskiya ne. Amma shi ke bin furen kuka da ɗorawa da rimi cikin dare yana yi musu barbara. Mai shan miyar kuka da daddawa ya rage zaginsa. Faɗa-wutan ma ba duka ne maɓarnata ba, domin zaren tsamiya da ake aikin babbar riga da shi daga tsutsar wani irinsu yake.

Makanta kuwa zance ne kawai. Wannan jemagen manyan idanu gare shi, da su da hanci yake neman abinci.

Sauran hujjojin ba su kai a ɓata musu tawada ba. Mai gona ya yi maganin tsutsa, ya bar jemage a kan bishiyarsa.