Kada a Sayi Taga da Gaggawa

'Yan'uwa manoma, kuɗin masara ya shigo, hunturu yana tafe. Yanzu ne masu tallar tagogi ke zagaya Hanwa suna cewa, "Biya yau, gobe farashi zai tashi." Wanda ya hana ka shawara, ba alherinka yake nema ba.

Dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta hana matsa wa mai saye, ta kuma ba shi ikon mayar da kaya masu aibu. Amma in ba rasit, ina shaida?

A auna tukuna. A taya a Tudun Wada da Sabon Gari. A biya rabi, saura sai an kafa. Ƙungiya ta saya tare, domin amfanin gona amanar Ubangiji ce.