Kafin Mu Shirya Fim Ɗin Yaƙin Kano

A shekarar 1981 Peter Weir ya fitar da fim ɗinsa Gallipoli, kan samarin Ostireliya da suka faɗi a gaɓar Turkiyya a Yaƙin Duniya na Farko. A Kudancin Ostireliya aka ɗauki fagen daga, amma ramukan yaƙi da kakin soja duk an fito da su tamkar gaske. Sai dai a harin Nek na 7 ga Agusta 1915, fim ɗin ya karkatar da zargi kan Turawan Ingila, waɗanda aka ce suna can suna shan shayi ana karkashe mutane. Alhali Laftanar Kanar John Antill, hafsan da ya ƙi dakatar da harin, na rundunar Ostireliya ne. Kaya sun yi daidai, alhaki ya sauka a kan wani.

Abin da nake jiye wa Kannywood ke nan ranar da za ta waiwayi 1903. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta haye kogin Challawa da ya ratsa ƙasarmu ta Kumbotso, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sulke da lifidi da kwalkwali ba za su gagara ba. Ga Gidan Makama, ga masu hawan sallah.

Wuyar aikin tana ga gaskiya mai ɗaci. Hafsoshin ne Turawa. Mafi yawan waɗanda suka harba bindiga baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji. Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Sarkin Shanu ne ya tsaya har aka kashe shi, Waziri Ahmadu kuma ya faɗi a Kwatarkwashi. Shin darakta zai iya nuna haka, ko zai cika fage da jajayen fata don kowa ya kwana da sanyin zuciya?

Na san fim ba darasin aji ba ne, dole a ƙara gishiri. A ƙirƙiri soyayya, a ƙirƙiri hira. Amma wanda ya ba da umarni da wanda ya ja kunama, a bar su yadda suke. Yaron Kura ko Bunkure da ba zai buɗe littafin tarihi ba, abin da ya gani a waya shi zai gaya wa 'ya'yansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma idan aka haƙa shi da kyamara, zurfinsa ya kan kai jikoki.