Raddi ga Masu Raina Shahadar Budurwoyin Ikkilisiyar Farko

Tun wajajen shekara ta 178 wani masanin falsafa mai suna Kelsus ya rubuta littafi yana kushe addinin Kirista da cewa addini ne na bayi da mata da yara da jahilai, kuma ko da yake Orijin na Iskandariya ya ba shi amsa wajajen 248, sukar ba ta mutu ba, riga kawai ta sake. Masu ɗauke da ita a yau sun fi kai farmaki ga labarin shahidai budurwoyi, wato 'yan matan da suka keɓe kansu ga Almasihu, suka ƙi miƙa hadaya ga gumakan daular Roma har aka kashe su.

Hujjarsu ta farko ita ce labaran nan tatsuniyoyi ne da aka ƙaga daga baya. A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin labarin Katarina ta Iskandariya ba shi da tsohuwar shaida, kuma malaman ikkilisiya da kansu, wato Bolandiyawa na ƙasar Beljiyam, tun 1643 suke tankaɗe irin waɗannan ruwayoyi. Amma ba a zubar da hatsi don an ga tsakuwa a cikinsa. Labarin Balandina, baiwar da aka kashe a birnin Liyon na Faransar yau a 177, zamanin sarki Markus Aureliyus, ya zo ne cikin wasiƙar da ikkilisiyoyin Liyon da Biyen suka aika wa 'yan'uwansu na Asiya da Firijiya, wadda Yusebiyus ya adana a littafinsa na tarihin ikkilisiya. Wasiƙar ba ta ɓoye cewa kimanin mutum goma sun tsorata sun yi musun bangaskiya ba, alhali mai ƙaga labari don yabon jama'arsa ba ya tona musu asiri haka. Ita kuwa Agnes ta Roma, duk da saɓanin ruwayoyi kan yadda aka kashe ta, sunanta yana cikin jerin shahidai na 354, a ranar 21 ga Janairu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato cewa abin da ake kira ikon Allah taurin kai ne kurum, kamar yadda gwamna Filini ya ɗauke shi wajajen 112, sa'ad da ya azabtar da wasu bayi mata biyu masu hidima a ikkilisiya. Sai dai taurin kai ɗan girman kai ne, kuma ba shi aka gani a Liyon ba. Uwargijiyar Balandina, wadda ita ma aka kama, ta ji tsoron kada raunin jikin baiwarta ya hana ta tsayawa, amma masu azaba suka yi ta karɓeɓeniya a kanta tun safe har yamma, har su suka gaji kafin ita. An rataye ta a kan gungume, namun daji suka ƙi taɓa ta, sannan a ranar ƙarshe ta ƙarfafa Fontikus, yaro ɗan shekara 15, kafin a yi mata bulala, a zaunar da ita a kujerar ƙarfe mai zafi, a naɗe ta cikin raga a jefa wa bijimi. Abin da ya rushe wannan hujja shi ne halin waɗannan fursunoni tsakanin azaba da azaba, domin sun ƙi yarda a kira su shahidai, sun yi wa masu azabtar da su addu'a, kuma sun rungumi waɗanda suka faɗi har wasunsu suka komo. Abin lura ne ƙwarai cewa wasiƙar ta riƙe sunan baiwa, ba ta ambaci sunan uwargijiyarta ba.

Masu cewa maza ne suka rubuta labaran don su koya wa mata biyayya sun manta da abin da labaran suka ƙunsa. A dokar Roma ana iya aurar da yarinya tun tana shekara 12, kuma uba ke da iko a kanta, saboda haka yarinya kamar Agnes, wadda Amburos bishop na Milan ya ce shekarunta 12, da ta tsaya gaban hukuma ta ce a'a, ta nuna cewa lamirinta na Allah ne, ba na mai mulki ba.

Saura tambayar da ta fi ciwo, cewa in da Allah yana tare da su da ya kuɓutar da su. Wannan tambaya ta ɗauka cewa ba a sanin aikin Allah sai ta hanyar rinjaye, alhali bangaskiyar da suka mutu dominta ta ginu ne a kan wanda aka gicciye, kuma Manzo Bulus, a babi na farko na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya koyar cewa marasa ƙarfi Allah yakan zaɓa domin kada kowa ya yi fahariya. Ana gane aikin ne ta abin da ya haifar. A Iskandariya, zamanin sarki Seberus, an kashe budurwa Fotamiyena da tafasasshen kwalta, amma Basilides, sojan da ya kai ta wurin kisa yana kare ta daga cin mutuncin taro, ba da daɗewa ba ya furta cewa shi Kirista ne aka fille masa kai. A Liyon an ƙone gawarwakin an zuba tokar a kogin Ron don a yanke wa masu bi begen tashin matattu, duk da haka ikkilisiyar ta ci gaba a ƙarƙashin Ireniyus, wanda ya gaji bishop Fotinus da ya rasu a kurkuku yana da shekara fiye da 90. A 311 kuwa sarki Galeriyus, ɗaya daga cikin jagororin tsanantawa mafi muni, ya fitar da dokar sassauci inda ya yarda cewa azaba ta kasa komo da Kiristoci ga gumaka, har ya nemi su riƙa yi masa addu'a.