Satar gida: Me ya sa har yanzu ake gardama bayan zuwan kyamarorin AI?

Minti uku da fara gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, Enner Valencia na Ecuador ya zura ƙwallo a raga, amma aka soke ta saboda satar gidan da kusan babu wanda ya gani a filin. Wata sabuwar na'ura ce ta gano ta.

FIFA ta kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa guda. Ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ita ke tantance gwiwa da kafaɗa da ƙafa a kowane hoto. A cikin ƙwallon kuma akwai ƙaramar na'ura mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa, domin sanin lokacin da aka buga ta. Gasar Firimiya ta Ingila ta rungumi irin wannan tsari a Afrilun 2025.

Sai dai duk aikin ya rataya ne a kan saita kyamarorin. Kyamara ɗaya ba ta iya auna nisa daidai. Dole aƙalla biyu su hango gaɓa guda daga kusurwa daban, sannan kwamfuta ta lissafa inda take. Lissafin ba zai yi daidai ba sai an san mazaunin kowace kyamara da inda ta fuskanta, kuma agogonsu ya zama ɗaya. Layukan fili, waɗanda aka san tsawonsu, na taimakawa wajen wannan saiti. Idan kyamara ta ɗan gusa, kuskuren zai bi duk hukuncin da ya biyo baya.

Akwai kuma batun gudu. Ɗan wasan da ke cin mita 8 a daƙiƙa yana matsawa santimita 16 tsakanin hoto da hoto, alhali ana soke ƙwallo a kan tazarar da ba ta kai haka ba.

Na'urar ta rage jira da manyan kurakurai, kuma alƙalai ne ke yanke hukuncin ƙarshe. Amma zanen da ake nuna wa 'yan kallo yana zuwa tamkar babu shakka a cikinsa, alhali ƙiyasi ne. Muddin ba a nuna girman kuskuren da awon zai iya yi tare da zanen ba, gardama a gidajen kallon ƙwallo ba za ta ƙare ba.