Wasiƙa Zuwa Ga Masu Yawon Teku Da Jiragen Filafilai

'Yan'uwa matuƙa,

Ba wanda zai koya muku karatun gajimare, ko abin yi idan guguwa ta taso. Abin da ke damuna shi ne sakacin da ke biyo bayan isowa, lokacin da aka jefa anga a wani lungu mai ruwa a kwance, aka ci abinci, kowa ya miƙe ƙafa. A nan ake yi muku mafi yawan ɓarna: kusa da gaɓa, cikin dare.

Rahotannin da ƙungiyar Caribbean Safety and Security Net ke tarawa daga tsibiran Karibiyan sun nuna abin da aka fi sacewa, wato ɗan kwalekwalen da kuke zuwa gaɓa da shi, da injinsa. Injin ake so. Ba shi da wuyar ɗauka, kuma duk inda ake kamun kifi akwai mai saye. Ɓarawo kan kwance shi ya saki kwalekwalen ruwa ya tafi da shi. Wanda ya ɗaure kwalekwalensa da igiya a bayan jirgi ya shiga barci, daidai yake da wanda ya bar babur da makulli a jiki a ƙofar kasuwa. Mai ninƙaya ba ya ƙara, wuƙa ɗaya kuma ta ishe shi. Ku ɗaga kwalekwalen daga ruwa kowane dare, ko kun gaji, ko da asuba za ku fita. Ku zura sarƙa ta hannun injin da tankin mai da jikin kwalekwalen, ku datse da kwaɗon da gishiri ba ya ci. Wasu kan shafa wa injin fenti mai muni don ya yi wuyar sayarwa, kuma dabara ce mai kyau. Kada ku rubuta sunan jirginku a jikin kwalekwale, domin duk wanda ya gan shi ɗaure a gaɓa ya san an bar jirgi ba kowa.

Na san zafin dare a waɗannan wurare, amma ku kulle ƙofar ɗaki ta ciki. Ƙarfen da aka gitta a taga ba ya hana iska shiga. Fitila mai ƙarfi da ƙaho su kwana kusa da hannu, rediyon VHF kuma a kunne, a tasha ta 16.

Maganar bindiga ce ta fi tsaya mini a rai. A Disambar 2001 'yan fashi suka hau jirgin Seamaster yana tsaye kusa da Macapá, a bakin kogin Amazon. Mai jirgin, Peter Blake na Niyu Zilan, gwani ne da ya lashe gasar America's Cup a 1995 da 2000. Ya ɗauko bindiga ya harbi ɗaya a hannu, sai bindigar ta cije, suka harbe shi ya rasu. Abin da suka kwasa bai wuce inji da agogunan hannu ba. Ina roƙonku, idan masu makami sun riga sun hau, ku miƙa kuɗi da waya da duk abin da suka nuna, ku bar musu hanyar fita. Ga shi kuma a ƙasashe da dama kwastan kan karɓe bindigar su ajiye har ranar tashi.

Akwai ruwan da bai kamata ɗan jirgi ya shiga ba sai an tabbatar ya lafa. Paul da Rachel Chandler sun yi kwana 388 a hannun 'yan fashin Somaliya bayan an kama su kusa da Seychelles a 2009. A 2011 aka kashe Amurkawa huɗu na jirgin Quest. A namu mashigin tekun Gini, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya a 2020, an ɗauke 130, daga manyan jirage masu gudu da tsawon da naku ba su da shi. Ku tambaya kafin ku tashi, kuma labarin bana za ku nema, ba na shekaru biyar baya ba.

Kada tsoro ya sa ku ɗauki kowane masunci ɓarawo. Yawancinsu kifi suka kawo, ko ruwan sha suke nema. Ku gaisa, ku saya, ku san sunansu, cinikin dai ya tsaya a gefen jirgi. Idan kuma an yi muku sata, ko ta galan ɗin mai ce, ku kai ƙara wurin 'yan sanda, ku sanar da maƙwabtan jirage ta rediyo tun da safe, kafin wani ya zo ya jefa anga a wurin da kuka tashi.

Allah Ya sauke ku lafiya.