Ra'ayinmu: Littafin bashi ya koma cikin kwamfuta, ƙofa kuma a buɗe

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da yake aikowa kyauta duk wata. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi, shi ya sa labarin ya wuce shiru a kasuwanninmu. A farmasi, a shagon fotokofi, a buron ɗan tiransit, a lakkol mai zaman kanta, an danna, ta kama, an ci gaba da aiki. Abin da ya canza ido ba ya ganinsa: daga wannan rana, duk ramin da aka gano a jikin wannan manhaja zai zauna a buɗe, sai fa ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi.

Ga wasu ma wannan labari ya yi musu sabo da yawa. Ka leƙa bayan kanta a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, za ka tarar da Windows 7, wadda aka yaye tun Janairun 2020, tana ta aiki kamar ba abin da ya faru. Akasarin injinan nan okaziyon ne da Turai ta gama da su. Mai gyara ya zuba Windows ta bayan fage, sannan ya kashe mizajur da hannunsa, ya ce wa Alhaji: "Kar ka bari ta yi, za ta lalace." Alhaji kuma ya riƙe wannan magana kamar wasiyya.

To mene ne mizajur ɗin da ake gudu? Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta mutane ne suka rubuta ta, rubutu ne mai layi miliyoyi, kuma ba a rasa kuskure a ciki. Wani kuskuren yakan zama kafar da ɓarawo zai shiga daga nesa. Idan an gano, sai kamfani ya aiko da faci, galibi ranar Talata ta biyu a kowane wata. Ga inda mutane da yawa ba su lura ba: ranar da faci ya fito, ranar ce ɓarayi ke sanin inda ramin yake, don suna zama su duba abin da aka toshe. Wanda ya sa facin ya tsira. Wanda bai sa ba, an yi shelar inda katangarsa ta tsage. Bayan haka, tunda Windows 10 da Windows 11 dangin juna ne, sau da yawa ramin da aka toshe a sabuwar yana nan a tsohuwar.

An riga an ga yadda wannan ke ƙarewa. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da facin wani babban rami. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ramin ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Takan ƙulle duk abin da ke ciki, ta ce a biya dalar Amurka 300 kafin a buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. A Faransa kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Maganin yana ajiye tun wata biyu, kyauta, ba a sha ba.

Mun san amsar da za a ba mu: "Ai waɗannan manya ne. Ni mai ɗan shago, wa ya san da ni?" Gaskiya ne, ba wanda ya san da kai, kuma ba a bukatar a san ka. Irin wannan manhaja ba ta tambayar suna. Bin layi take tana taɓa kowace ƙofa, wadda ta ji a buɗe ta faɗa. Asibitin Ingila da Renault suna da ma'aikata da kuɗin da za su tashi bayan faɗuwa. Mai sayar da siminti da ƙarfen gini wanda duk bashin da yake bin mutane yana cikin Excel guda ɗaya, idan ta ƙulle, wa zai zo da ƙafarsa ya ce ana bina kaza? Ƴan kaɗan masu tsoron Allah. Da can littafin bashi takarda ne, yana cikin akwati da kwado, sai gobara ko gara. Yanzu yana cikin injin da yaron shago ke saukar da fim da shi, ana cusa masa kile goma a wuni.

Kuma ba dukiyar mai shago kaɗai ke ciki ba. Shagon fotokofi yana ɗauke da hoton katin ɗan ƙasa, fasfo da takardar haihuwar mutane ɗaruruwa da suka zo sau ɗaya suka tafi. Ƙaramar kilinik tana da sirrin marasa lafiya. Amana ce, kuma ƙasar nan tana da doka da hukuma, wato HAPDP, kan kare bayanan jama'a.

Ba za mu yi kamar ba mu san dalilan da ke sa a kashe mizajur ba, domin wasunsu masu ƙarfi ne. Intanet da tsada, mizajur ɗaya na iya lashe forfen da aka saya don sati. Kuran na ɗaukewa ba sallama, in ya ɗauke ana tsakar aikin, injin na iya ƙin tashi. Wani lokacin bayan an gama, tsohuwar firinta ta ƙi aiki. Ga kuma babbar matsalar: Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da inji sabo-sabo, ta yadda mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin wajajen 2018 ba su cika sharaɗi ba ko da lafiyarsu lau. A nan Microsoft ma yana da nasa laifin. Kamfanin da ke cewa a zubar da inji mai aiki a sayi sabo bai yi lissafin aljihun ɗan kasuwar Sahel ba. Ƙarin wa'adin da ya sayar wa kamfanoni dalar Amurka 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, sama da jikka 30 ke nan, kuma kuɗin ninkawa yake duk shekara har shekara uku.

Amma duk wannan tsadar, a auna ta da wuni uku shago a rufe da asarar lissafin shekara biyar. Wanda injinsa zai ɗauki Windows 11, kuma lasisinsa na gaskiya ne, hawan kyauta ne, ya yi shi da dare ko ranar hutu, da batir cike ko ondilar a jone. Wanda nasa ba zai ɗauka ba, kuma aikinsa bai wuce rubutu, lissafi da intanet ba, akwai Linux Mint da Ubuntu: kyauta ne, suna tafiya a tsohon inji, kuma ana aiko musu da faci. Sai dai a fara tambaya ko manhajar lissafin shagon za ta yi aiki a kansu, don ba duka ke yi ba. Wanda ya ce lalle sai tsohuwar Windows, to ya raba ta da intanet gaba ɗaya, ya hana kowa cusa mata kile. Kowane ka zaɓa, ka kwafe littafin bashi duk sati a wani faifai da ba ya kwana a jone da kwamfutar. Antibirus kuwa, da ake jin in an sa shi an gama, mai gadi ne a gidan da bango ya faɗi.

Masu gyara su ne ƙashin bayan wannan magana, don abin da suka faɗa shi ɗan kasuwa ke ji. A daina sayar wa mutum inji da mizajur a kashe ba tare da an gaya masa abin da hakan ke nufi ba. Masu shigo da okaziyon kuma su riƙa faɗin gaskiya: wannan zai ɗauki Windows 11, wannan ba zai ɗauka ba, farashi ya bi gaskiyar.

Hukumomi ma da sauran aiki. Tunda ana tura ƴan kasuwa zuwa ga fakitir na na'ura da biyan haraji ta intanet, wanda ya ce a shiga ruwa shi ya kamata ya koyar da iyo. Hukumar ANSI da majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa suna iya shirya faɗakarwa a rediyo, da Hausa da Zabarmanci, su kuma tara masu gyara na kowace jiha a yi musu horo ko na wuni biyu ne. Kamfanonin waya su ma su duba yiwuwar forfen dare mai rahusa don wannan aiki, tunda a lokacin layin ba kowa a kansa.